Kafin Ka Sa Ƙafa a Mota, Wace Kalma Ka Zaɓa?

Ƴan'uwana ɗalibai, da yawanmu yanzu muna da ɗan guzurin Sifaniyanci a baki. Wani ƙwallon Madrid da Barsalona ne ya koya masa, wani wayar hannu, wani kuma ya ɗauki abin da gaske har da ƙamus da kaye na musamman. Duk wanda ya wuce gaisuwa da ƙirga sai ya ci karo da wata ƴar matsala: yaya zan ce "na hau mota", ko "na hau jirgi", ko "na kama hanya"? Mu a Hausa "hawa" ɗaya ta ishe mu. Mu hau jaki, mu hau amalanke, mu hau kabu-kabu daga Safo zuwa kasuwar Maraɗi, mu hau jirgin sama zuwa Makka, sarki ma ya hau gadon sarauta. Mutumin Sifaniya bai yarda da wannan tattali ba. Kowane irin hawa da kalmarsa, kowane irin tashi da tasa.

Abin kamar na nahawu ne kawai, irin wanda malami zai ja wa jan biro ya wuce. Ni kuwa na daɗe ina juya shi, don na lura a ƙasarmu kalmar da saurayi ke zaɓa ranar da zai bar gida ba abin wasa ba ce. Da ita yake lallashin uwarsa, da ita kuma yake lallashin kansa. Ra'ayina shi ne, mutum yana da haƙƙin ya tafi neman abinsa, amma akwai bashi a kansa na ya kira tafiyarsa da sunanta na gaskiya. Mu ma da muka rage gida akwai irin wannan bashi a wuyanmu.

Motar da ake sauka da wadda ba a sauka

Kalma ta farko da ake koya wa ɗalibi ita ce "subir". Asalin ma'anarta hawa sama, kamar hawan bene ko tudu. Da ita ake hawa kar, da ita ake hawa jirgin ƙasa da taksi: "subir al autobús", "subir al tren". Tana da abokiyar zama da ba ta rabuwa da ita, wato "bajar", sauka. In dabba ce ko abu mai sirdi, sai a ce "montar": "montar a caballo", hawan doki, "montar en moto", hawan babur. Akwai kuma "coger" da "tomar", kamar yadda muke cewa "ɗaukar mota". A Madrid kowa "coger" yake cewa ba tare da kunya ba, amma in ka faɗe ta a Meziko ko Ajantina za a kwashe da dariya, don can kalmar batsa ce. Kun ga tun nan zaɓen kalma ya fara zama maganar mutunci.

Sai kuma "embarcar". Ku duba cikinta za ku ga "barco", jirgin ruwa. Ma'anarta shiga jirgi. Da aka ƙera jirgin sama, sai Sifaniyawa suka ba shi aron kalmar, shi ya sa takardar shiga jirgi ake ce mata "tarjeta de embarque". Mu ma haka muka yi. Jirgi a bakin kakanninmu na ruwa ne, irin wanda masunta ke tuƙawa a tafkin Madarumfa, daga baya muka ce jirgin ƙasa, jirgin sama.

Mene ne bambancin "subir" da "embarcar" in an bar maganar ƙarfe da taya? Bambancin yana ga sauka. Wanda ya hau motar Jibiya, in ransa ya ɓaci a Ɗan Isa, sai ya buga jikin mota ya ce "direba, akwai sauka". Ya yi asarar kuɗin mota, ya koma gida ya ci tuwon dare. Wanda ya shiga jirgi ba shi da wannan magana. Da zarar an kwance igiya, nufinsa ya koma hannun matuƙi da iska da ruwa har sai an kai wancan gefe. Yana iya yin nadama, amma nadamar ba ta da ƙofar fita.

To, ga inda nahawu ya rabu da gaskiya. Hilux ɗin da ke tashi daga Agadas ta nufi Dirku da Sabha mota ce mai taya huɗu. In jarrabawa ce, "subir" za ka rubuta, malami ya ba ka maki. Amma wanda ya zauna a bayanta cikin mutum ashirin da wani abu, ya rungume sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, da jarkar ruwa ɗaure a gefe, wannan ba hawa ya yi ba, jirgi ya shiga. Tenere ba ta da "akwai sauka". Wanda ya sauka a tsakiyarta ya sauka kenan.

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga yankin Kance suke, cikin jihar Damagaram, maƙwabtanmu na gabas masu harshe ɗaya da mu. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Duk lokacin da na tuna da su sai in tambayi kaina da wace kalma suka yi sallama da mutanen gidansu. Zuciyata tana ba ni cewa irin tamu ce ta kullum: "za mu hau mota", "za mu ɗan leƙa arewa". Kalmar zuwa kasuwa aka ɗora wa tafiyar da ba ta da tasha a tsakiya.

Ku lura da addu'ar da muke wa matafiyi. Ba mu cewa "a hau lafiya". Cewa muke "a sauka lafiya". Hausa ta san cewa darajar hawa tana ga sauka. Saboda haka tambaya ta farko da ya kamata mai niyyar tafiya ya yi wa kansa ita ce: abin nan da zan shiga, in na ga ba daidai ba a rabin hanya, ina da ikon sauka?

Wa ya hau, wa aka ɗora?

"Embarcar" tana da wata fuska da ta fi ba ni tsoro. In ka ce "me embarqué", kai ne ka shigar da kanka. Amma ana cewa "embarcar a alguien en un negocio", wato ka jefa wani cikin wata harka mai hatsari, ka tura shi kai kana bakin gaɓa. A Kuba da Benezuwela ma kalmar ta kai ga nufin ka yi wa mutum alkawari ka shanya shi yana jira. Kalma ɗaya, amma mai aikatawa ya canza. Mu ma muna da irin wannan a tasha: fasinja yana hawa, kaya kuwa lodinsu ake yi. Ɗan kamasho bai damu da inda buhu yake son zuwa ba.

Idan saurayi ya ɓace a hanya ko ya faɗa gidan bashi a Libiya, inda ake tsare mutum ana dukansa ana buga wa danginsa waya su aiko kuɗi, abin da muke cewa a majalisa shi ne "shi ya kai kansa". Ina ganin wannan magana ta yi mana sauƙi da yawa. Bari mu ƙirga hannuwan da suka ɗora shi. Akwai yayan da ke can, wanda ke aiko hoto a Facebook jingine da motar da ba tasa ba, bai taɓa faɗin cewa su takwas suke kwana a ɗaki ɗaya ba. Akwai abokan fada da suka riƙa zolayarsa, "kai har yanzu kana nan kana gadin gari?" Akwai gidan budurwar da suka nuna masa cewa wane da ya dawo daga waje ya kawo akwati. Akwai uban da bai ce "tafi" ba, amma kullum da safe yana faɗin abin da ɗan maƙwabci ya aiko. Sannan akwai mai haɗa tafiya, wanda aikinsa kenan ya mai da teku kududdufi da fatar baki. Shi ne kawai muke zagi, alhali shi ne na ƙarshe a layi.

Ba ina nufin matafiyi buhu ne marar wayo ba. Baligi ne, ƙafarsa ya ɗaga. Amma adalci shi ne kowa ya ɗauki rabonsa na jimlar. Wanda ya ɓoye wa ƙanensa wahalar hanya don kada a ce ya kasa, ya yi "embarcar" da shi ko da bai ba shi dala ba. A ganina wannan ya fi ƙaryar ɗan kamasho muni, domin ɗan kamasho an san sana'arsa, yaya kuwa an amince masa.

Zuwa wani wuri da barin wani wuri

Yanzu mu bar hawa mu koma kan tashi. Sifaniyanci ya raba "ir" da "irse". In na ce "voy a Maradi", idona yana kan inda na nufa, za ni Maraɗi. In na ce "me voy", idona yana kan inda na bari. Ba sai na faɗi inda za ni ba, jimlar ta cika: na tafi, na bar nan. Ɗan harafi biyu ne ya raba su, amma zukata biyu ne daban.

Ku saurari hirarmu da dare. Nawa ne daga cikinmu ke cewa "ina son in je wuri kaza in koyi aikin kaza"? Abin da aka fi ji shi ne, "wallahi ko ina ne, in dai na bar garin ga." Wannan "irse" ce tsantsa. Ban raina ta ba, don na san abin da ke haifar da ita: gonar da aka raba wa magada har ta koma kamar tabarma, bak ɗin da aka ci aka rataye, damina mai zuwa da gardama, kunyar roƙon kuɗin sabulu wurin tsohuwa kana da gemu. Amma mai "irse" shi ne abincin masu lodi, domin wanda bai san inda za shi ba, duk motar da ta tsaya tasa ce.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu lura da wannan. A mazhabar Malikiyya matafiyi yana yin ƙasaru in ya yi niyyar tafiya mai nisan mil 48, kusan kilomita 80, kuma ya fita daga gine-ginen gari. Amma mai gararamba, wanda bai ƙudurta inda za shi ba, ba a ba shi wannan sauƙi ko da ya yi ta tafiya. Hadisin farko na Arba'una ma, wanda aka koya mana tun muna makarantar allo, da ya zo maganar niyya, da hijira ya buga misali. Ƙafa iri ɗaya, hanya iri ɗaya, amma abin da mutum ya nufa shi ke ba tafiyar suna.

Akwai wasu kalmomi biyu da suke faɗin abin da tashi ke yi wa gida. Ta farko "partir". Masu Faransanci sun san ta da ma'anar tafiya, a Sifaniyanci ma haka ne. Sai dai can tana kuma nufin raba abu biyu: "partir el pan", gutsura burodi. Ta biyu "arrancar". Ita ake faɗa in mota ta tashi, kuma ita ce tumɓuke shuka daga ƙasa. Duk wanda ya taɓa cirar gyaɗa a gonakin gulbi ya san ba a tuge ta ba tare da ƙasa ta biyo saiwa ba, kuma rami yana zama a wurin. Saurayi yana lissafin abin da zai samo. Ba ya cika lissafin wanda zai yi noman bana a madadinsa, ko amaryar da za ta shekara uku tana jiran waya, ba ita ga aure ba ita ga zawarci.

Nan ne nake ganin hikimar kalmarmu ta "ci-rani". Alkawari ne a dunƙule. Rani kawai za ka ci a can, ka rage wa rumbu baki, hadari na haɗuwa ka dawo ka ɗauki hauya. Kakanninmu sun yi shi zuwa Kano da Ikko da Gwanja, iyayenmu sun yi zuwa Abijan da Kwatanu. Akwai dawowa a cikin kalmar. Yau kuwa sai mutum ya yi damina biyar bai taka gida ba, ana nan ana ce masa ɗan ci-rani. Mu ma da ke gida muna wasa da kalmomin yadda ya yi mana daɗi. Muddin saƙo na zuwa, "yana ci-rani", "yana nema". Ranar da saƙo ya yanke, sai a ce "ya shiga duniya". Shi bai canza ba, aljihunmu ne ya canza masa suna.

Abin da za a iya ce mini

Na san wani zai ce, "Kai malam, yunwa ba ta karanta ƙamus. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi." Gaskiya ne, kuma Sifaniyanci ma yana da kalmar wannan hali, "huir", gudu. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji, suna gudun ƴan bindiga. A nan gundumar Madarumfa ma akwai ƙauyukan da satar shanu da satar mutane suka hana barci. Wanda ya fito da dare da goyo a baya ba wanda zai tsayar da shi ya ce ya zaɓi kalma. Amma wannan ma yana ƙarfafa maganata ne. Gudu sunansa gudu, kuma mai gudu yana da haƙƙi a kanmu wanda ɗan yawon buɗe ido ba shi da shi. In muka cakuɗa kalmomin, mai gudu ya rasa mafaka, mai zaɓi kuma ya ɓuya bayan "dole" don kada ya yi tunani.

Wani kuma zai ce, "In na faɗa wa tsohuwa gaskiya ba za ta bar ni ba, kuma hawan jini zai kama ta. Ƙaryar tausayi ce." Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, na kuma san masu yin ta ba miyagu ba ne. Amma mu duba abin da ake karɓa daga hannun tsohuwar. Albarkarta ake nema. Ta sa albarka ga tafiyar Agadas, kai kuwa ka ɗauki albarkar ka nufi teku da ita. Wannan kamar ka sa mutum ya dangwala hannu a takardar da bai karanta ba ne. Kuma in abu ya faru, ita ce za ta sayar da tunkiya da ɗan filin da ya rage don fansarka. Wanda zai biya kuɗin hatsari yana da haƙƙin ya san girman hatsarin tun kafin a shiga. Tausayin da ya hana ta kukan yini ɗaya, ya ajiye mata na shekaru, ni ban iya kiransa tausayi ba.

Kada kuma a fahimce ni a matsayin mai wa'azin "ku zauna gida". Wanda ya san tarihin Maraɗi ba zai yi wannan wa'azi da sauƙi ba. Garin nan masu barin gida ne suka raya shi: sarakunan Katsina na Haɓe da jama'arsu, waɗanda jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19, suka zo suka kafa sabuwar sarauta a bakin gulbi. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. A 1945 ma ambaliya ta cinye tsohon gari, aka tashi aka koma kan tudu. Jininmu ya san ƙaura.

Su ma masu harshen da muke koyo sun san ta. Da yaƙin basasarsu na 1936 zuwa 1939 ya zo ƙarshe, kusan mutum rabin miliyan suka tsallaka duwatsu zuwa Faransa cikin sanyi. A ƙarshen Maris na 1939 wani jirgin dakon kaya mai suna Stanbrook ya kwashi fiye da mutum 2,600 daga Alikante ya kai su Oran ta Aljeriya. Ku ji fa, Turawa ne ke gudu zuwa Afirka cikin jirgin da ya yi musu kaɗan. Wasu daga cikin ƴan gudun hijirar Sifaniya da suka faɗa Aljeriya an tsare su a sansanoni, an sa su aikin tilas na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a hamada, wadda Faransa ta yi mafarkin za ta haɗa Bahar Rum da kogin Kwara. A 1950 kuma wani ƙaramin jirgi mai suna Telémaco ya tashi a ɓoye daga tsibiran Kanariya ɗauke da mutum 171 zuwa Benezuwela, ba biza ba izini. Tsibiran nan su ne yau kwale-kwalen Afirka ta Yamma ke nufa, inda fiye da mutum 46,000 suka sauka a 2024 kaɗai, wata ƙungiyar Sifaniya mai suna Caminando Fronteras kuma ta ƙirga fiye da 10,000 da suka mutu ko suka ɓace a hanyoyin ruwa zuwa ƙasar a wannan shekara. Mu ƴan Nijar ba mu ne muka fi cika waɗannan jirage ba, tafiyarmu ta fi yawa zuwa Najeriya da Libiya da Aljeriya. Amma darasin ɗaya ne: "embarcar" ba ta da launin fata, kowace al'umma da ranar da ta shiga jirgi.

Manya ma suna zaɓen kalma

Ba talaka kaɗai ke wasa da sunan tafiya ba. A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36. Direban Agadas da jiya ake kira mai jigilar fasinja, sai ya wayi gari mai safarar mutane, aka kama motoci, aka ɗaure mutane. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'ai suna bin hanyoyin da suka fi hatsari. A watan Nuwamba na 2023 sabbin hukumomi suka soke dokar, direban ya koma mai jigila. Mota ɗaya, mutum ɗaya, hamada ɗaya.

Haka wanda aka kwaso daga Aljeriya aka zubar a wurin da ake kira "point zéro", ya taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. In ya isa ya sa hannu a mai da shi ƙasarsu, takarda za ta ce ya koma "bisa son ransa". Bature in ya zo aiki Yamai ba a ce masa ɗan ci-rani, namu in ya je can ko digiri gare shi baƙin haure ne har sai ya nuna takarda. Tunda masu iko suna lanƙwasa kalmomi don su sauke nauyi daga kansu, mu da abin ke faɗawa a kanmu bai kamata mu taya su ba. Gaskiyar sunan tafiyarmu ita ce ɗan abin da ya rage a hannunmu.

Kalmar da na fi so

Cikin duk kalmomin nan akwai wadda nake yi mana fata, ita ce "emprender". Ana cewa "emprender un viaje", fara tafiya mai nauyi da shiri. A cikinta akwai "prender", kamawa, kuma danginta ne "empresa", wato kamfani ko babban aiki da aka sa gaba. Hausa ta faɗi abin daidai: kama hanya. Ba hanya ce ta kama ka ba. Mai kama hanya ya san inda ya nufa da abin da zai yi in ya isa. Ya tambayi wanda ya dawo hannu wofi, bai tsaya ga mai hoto kaɗai ba. Yana da katin shaida a aljihu da kuɗin komowa a ɗaure daban. Ya zauna da iyayensa ya faɗi sunan garin da bakinsa, ya ji abin da za su ce, ko da ba zai yi daɗi ba. Irin wannan mutum yana iya zuwa Kano ko Agadas ko Madrid, kuma yana iya fasawa ba tare da ya ji ya zama rago ba.

Wannan ba ya hana ƙaddara. Mutum yana iya yin duk shirin duniya mota ta lalace. Amma akwai bambanci tsakanin wanda hatsari ya same shi a hanyar da ya zaɓa ido buɗe, da wanda aka yi lodinsa da kalma mai zaƙi. Na farko ko ya faɗi, mutum ne da ya gwada. Na biyu tun a tasha aka ƙwace masa wani abu.

Saboda haka ga roƙona gare mu, mu da muke rubutu da karatu a wannan ƙungiya. Aikinmu kenan kula da kalmomi, to mu fara da na bakinmu. Ranar da abokinka ya ja ka gefe ya ce, "Zan ɗan leƙa arewa, kada ka faɗa wa kowa," kada ka yi masa wa'azi, kada kuma ka tafa masa. Ka tambaye shi a hankali: leƙawa ce ko tafiya? Wane gari, wurin wa? Motar da za ka shiga ana sauka a hanya? Inna ta san sunan wurin? In ya amsa duka ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ka raka shi tasha, ka riƙe masa jaka, ka karɓi lambar wanda zai sauka wurinsa. In kuwa ya kasa amsawa, ka zauna da shi har ya samo kalmar da ta dace da abin da yake shirin yi. Wataƙila in ya ji ta da kunnensa ya fasa, wataƙila kuma ya tafi duk da haka, amma da shiri. Wanda kuma yake can yana karanta wannan ɗan littafi da wani ya aika masa, don Allah in ƙanenka ya tambaye ka labari, ka ba shi duka, har da ɗakin mutum takwas.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa duk wanda ya hau ya sauka lafiya.